Tsakanin Dayen da Bayen

Ranar da Rubab ta fara ganin Sarmad Laghari, sallama biyu ta yi masa, bai amsa ko ɗaya ba.

A garejin da ke bayan kasuwar hatsi ne, nan Bahawalpur, cikin zafin nan na lokacin mangwaro. Ammi, wato mahaifiyarta, ce ta aiko ta da abincin yayanta Faraz, wanda ya fi daɗewa a ƙarƙashin mota a kan yadda yake daɗewa a gida. Ta tarar da wani dogon saurayi tsaye gaban jar jif, ya zuba wa injin ido. Ta tsaya ta hagunsa ta yi sallama. Shiru. Ta sake yi. Ko gezau.

Rubab kuwa ba ta gaji haƙuri ba. Ta dangwarar da kwanon abincin a kan motar har ƙarfen ya amsa. Sai a lokacin ya juyo a firgice.

"Sa'in," ta ce, tana jan kalmar girmamawar har ta koma zagi, "in girman kai ake sayarwa a nan, mu mun ƙoshi. Ina Faraz Bhai?"

Ya kalli idonta, ya kalli kwanon, ya sake kallon idonta. Faraz ya turo kai daga ƙarƙashin motar, fuska duk baƙin mai, yana dariya.

"Ƙanwata ce, da na ce maka ta dawo daga karatu a Lahore. Kada ka kula ta, haka take yi wa kowa. Rubab, wannan ne direbana. Shi ne ƙafa, ni ne ido."

Gaskiya ya faɗa. A tseren hamada direba ba ya ganin komai sai tudun yashin da ke gabansa. Wanda ke zaune a kujerar hagu shi ke karanta masa hanya ta na'urar magana da ke cikin hular kwano: nan kwana ce, nan rami, nan taka totur. Wasu da Turanci suke kira. Faraz da Urdu yake yi, dayen in dama ce, bayen in hagu ce, domin mahaifinsu Malik Khuda Bakhsh, wanda suke kira Abbu, tun suna yara ya hana Saraiki a gidansa, wai yaren gona ne, shi ba ƙauyawa yake reno ba. Alhali da shi uwarsa ta goya shi.

Da yamma saƙo ya shigo wayar Rubab.

"Wa alaikumus salam. Wa alaikumus salam. Biyu kika yi, ga biyu."

Ta rubuta: "Wa ya ba ka lambata?"

"Wanda yake nuna min hanya."

"To ya nuna maka hanyar ficewa."

"Ya ce ke ce chaunsar gonar Abbunku. Mangwaron da ya fi kowanne zaƙi, kuma ya fi kowanne wuyar tsinka."

Ta ja tsaki. Amma Ammi ta ga tana yi wa waya murmushi, ta kuma ga cewa daga ranar ba a ƙara roƙonta kafin ta kai abinci gareji ba.

Haka suka ƙullu. Shi yana ce mata Chaunsa, ita tana ce masa Mai Girma. Ya fi son rubutu a kan kira, ita kuma ta ɗauka kunya ce. In suka fita shan lassi, kindirmon nan da ake kaɗawa, su uku da Faraz, sai ya yi ta zagaye har sai ta koma damansa, ta ɗauka wata tsirfa ce irin ta masu tsere, don dai mun san su da camfi. Yakan kafe bakinta da ido in tana magana, wannan kuwa ta fassara shi yadda kowace budurwa za ta fassara.

Tare da son tsoro ya shigo. Wata rana ta nemo hoton bidiyon hatsarin da ya yi a hamadar Thal, kafin Faraz ya fara zama kusa da shi. Ta ga mota ta tashi sama ta juya, ta sake juyawa, ta faɗi ta gefe. Ta kashe wayar. A cikin irin wannan akwatin ƙarfen yayanta yake zama, ga shi yanzu ta ƙara zuba wani a ciki.

"Ba ka jin tsoro?" ta rubuta masa.

"Ina ji. Shi ya sa nake sauri, don ya kasa kamo ni."

"Ba wasa nake ba, Mai Girma."

"Ni ma, Chaunsa. Ban iya komai ba sai wannan. Tun ina ɗan yaro a kan taraktan kawuna nake. In kika cire ni daga bayan sitiyari ban san wanda za ki samu ba."

Da sanyi ya fara shigowa, mahaifiyarsa ta zo da kwandon alewar sohan halwa neman aure. Mata suka shige ciki, Sarmad ya zauna da Abbu a zauren baƙi. An ɗauke wuta, janareto na ta ruri a bayan taga. Abbu ya zauna ta hagunsa a kan gadon igiya. Sarmad kuwa ya yi abin da duk ɗan mutunci yake yi gaban babba, ya sunkuyar da kai bai ɗago ba.

Abbu ya daɗe yana juya kofin shayinsa. Sannan ya rage murya, don mutum ne da ba ya son a ji rauninsa, ya yi tambaya ɗaya tak. Sarmad ya kurɓi shayi. Abbu ya jira. Sarmad ya sake kurɓa, ya ce halwar ta Multan ce, yana fata za ta yi wa Sa'in daɗi.

Baƙi na fita Abbu ya kira Rubab.

"Ba zan ba shi ba."

"Abbu, me ya yi?"

"Ce masa na yi, in rana ta zo da sai ka zaɓa tsakanin kofin gasa da dawo min da ɗana gida, wanne za ka ɗauka? Ya yi min shiru, Rubab. Ya sha shayina ya yi min zancen halwa." Muryarsa ta karye. "Ɗa ɗaya na riga na sa a motar nan ba da son raina ba. Ba zan ƙara da 'ya ba."

Ta shige ɗaki ta rubuta masa, ko gani sosai ba ta yi saboda hawaye: "Me ya sa ba ka ba Abbu amsa ba?"

Ya dawo da kalma biyu: "Amsar me?"

Ta jefar da wayar kan gado. Rainin ya isa haka.

A nan Haseeb ya ga ƙofa. Ɗan Phuppo ne, wato ɗan ƙanwar Abbu, mai kantin magani a bakin asibiti, mutumin da ko keke na iya wuce motarsa a titi. Ba mugu ba ne, Allah ya sani, sai dai ya daɗe yana jiran Rubab, kuma wanda ya daɗe yana jira ba ya zaɓen makami.

"Ni ba gulma na zo yi ba," ya ce, kamar yadda duk mai gulma yake farawa. "Amma duk sanda na je Multan sayo kaya sai na ga jif ɗin Sarmad a unguwa ɗaya. Ranar nan har wata mata na gani ta rako shi bakin ƙofa, suna magana ƙasa-ƙasa, ya kawo kansa dab da bakinta."

Rubab ta ce masa ya gaishe da Phuppo. Ta daina amsa saƙon Sarmad, ta daina kai abinci. Saƙonnin suka taru. "Chaunsa, laifin me na yi?" "Chaunsa, ko zagi ne ki turo." Tana karantawa tana ajiyewa.

Ana haka gasar ƙarshe ta shekara ta matso, ta hamadar Cholistan, wadda in Sarmad ya ci kofin ƙasa ya zama nasa, kuma wata ƙungiyar tsere ta ƙasar waje ta ce za ta ɗauke shi. Suka shiga gwaji. Wata la'asar Faraz ya dawo gida, ya zauna a bakin famfo da takalmansa. Rubab ta kawo masa ruwa, ya karɓa ya ajiye bai sha ba.

"Bhai, lafiya?"

"Kada ki gaya wa Ammi. Yau saura ƙiris." Ya dubi ƙofar ɗakin Ammi. "Akwai wani tudu da bayansa rami ne, zurfinsa ya fi gidan nan. Hagu ake yi. Na rantse da Allah bayen na ce. Sai na ga ya karya dama. Tayar gaba a iska ta tsaya, Rubab, ina kallon ƙasan ramin ta gilashi."

"Shi me ya ce?"

"Ba komai. Ya ce mu koma gida. Wataƙila ni ne bakina ya suɓuce. In ni ne, wata rana ni zan kashe mu."

Ta bar shi nan ta hau saman soro. Abubuwa suka yi ta dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Sallama biyun nan. Zagayen da yake yi don ta koma damansa. Yadda yake kallon bakinta. Kan da ya kai dab da bakin matar Multan. Amsar me. Sai ta zauna daɓas a ƙasa.

Washegari da hantsi ta tafi gareji. Shi kaɗai ne, ya ba ƙofa baya yana goge hular kwanonsa. Ta taka a hankali ta tsaya ta hagunsa, kusa har tana jin ƙamshin sabulunsa. Ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa masa ba, ko a rubuce.

"Sarmad, ina son ka."

Ya ci gaba da goge hula.

Ta so a ce ya juyo. Ta ba shi lokaci, tana addu'a a ranta ya juyo ya ƙaryata ta. Da ta ga babu, ta zagaya ta damansa, hawaye na zuba.

"Tun yaushe?"

Ya zabura. "Chaunsa! Tun yaushe me?"

Ta nuna kunnensa na hagu. Hular ta suɓuce daga hannunsa ta gangara ƙarƙashin mota, bai bi ta ba.

"Tun hatsarin Thal," ya ce da ƙyar. "Na hagun ya mutu. Na daman yana ji, amma in inji na ruri sai farkon kalma ya ɓace min. Matar Multan likitar kunne ce."

"Dayen da bayen fa?"

Ya kawar da kai. "Ayen kawai nake ji. Sauran daga yanayin ƙasa nake karantawa. Kusan kullum ina dacewa."

"Kusan?" Ta ja da baya kamar ya mare ta. "Kusan kullum? Canka kake yi da ran yayana? Jiya yana zaune bakin famfo yana cewa shi ne zai kashe ku, kai kana ji ka bar shi da wannan?"

"Gasa ɗaya ta rage, Rubab. Ɗaya. In aka ji, an gama da ni. Ba wanda zai ba kurma mota."

"Ni kuma in kuka faɗa ramin nan gawa biyu za a kawo min, in rasa wadda zan fara yi wa kuka." Ta share fuska da gefen mayafi. "Ka faɗa da bakinka kafin Juma'a ta wuce. In ba haka ba ni zan faɗa, kuma ba za ka ƙara ganina ba."

Ta yi kwanakin nan ba ta iya cin abinci. In ta faɗa, ta kashe masa abin da ya ce shi ne shi. In ta yi shiru, ta san inda shirun zai kai su. Ranar Alhamis saƙonsa ya zo.

"Na fi jin tsoron zauren Abbunki a kan kowane tudu. Amma jiya na zauna a kujerar Faraz, na ga yadda ramin yake daga can. Ina zuwa gobe bayan masallaci. Ki yi min addu'a, ko da kin fasa aurena."

Ya zo. A tsakar gida ya faɗa, a tsaye, gaban Abbu da Faraz, Ammi da Rubab na bayan labule. Wannan karon bai sunkuyar da kai ba, ya ce a yi masa afuwa, sai ya ga baki yake gane magana.

Faraz ya cakumi wuyan rigarsa. "Ka bar ni ina zargin kaina? Na kwana ina maimaita kalma ɗaya kamar mahaukaci!"

Abbu kuwa ya miƙe, fuskarsa ta yi jawur. Urdun da ya shekara talatin yana lallaɓawa ta gudu ta bar shi, Saraikin uwarsa ta ɓalle daga bakinsa kamar an fasa madatsar ruwa. Ya zagi motar, ya zagi wanda ya ƙera ta, ya zagi yashin Cholistan.

"Ka ɗauki ɗana ka shiga daji da shi, kai da ba ka san sajja da khabba ba!"

Sarmad ya ɗago da sauri. "Sa'in, don Allah sake faɗa."

"Iye? Zagin ne ya yi maka daɗi?"

"A'a, Sa'in. Kalmomin nan biyu."

Faraz ya saki rigar a hankali. Sajja dama, khabba hagu. Haka kakarsu take cewa in tana kora awaki, haka masu tarakta suke yi wa juna ihu a gona. Ba ta inda ɗaya ta yi kama da ɗaya, ko an yanke musu kai ko an yanke musu wutsiya. Faraz ya ja Sarmad har gindin injin ban ruwa na gonar mangwaro, ya tayar da shi, ya koma bayansa yana kira. Sajja, hannun dama ya tashi. Khabba, na hagu ya tashi. Ya yi ta jujjuya su har muryarsa ta dushe, Sarmad bai kuskure ko sau ɗaya ba.

Sarmad da kansa ya je ya gaya wa likitan gasa. Aka gwada shi da hular a kansa, aka ce zai iya shiga. Faraz ya ce shi ma zai shiga, ba wanda ya isa ya zauna masa a kujera. Abbu ya yi faɗa har ya gaji, amma ɗan da ya yi gemu ba a ɗaure shi a turke.

Rubab ta sami Abbu shi kaɗai a gona. "Abbu, ka ga dai ba shiru ya yi maka ba. Bai ji tambayar ba ne. Ka sake yi masa."

"Yanzu ko ya amsa, baki ne. Mutumin da ya iya ɓoye kunne zai iya gyara harshe." Ya kalle ta. "Kuma ki rantse ba za ki gaya masa abin da na tambaya ba."

Ta rantse.

Ranar gasa suka isa da sassafe, sanyi na ratsa ƙashi, motoci jere kusa da tsohuwar ganuwa. Ammi ta ɗaura wa Faraz ƙyallen nan na kare matafiyi a damtse ta tofa masa addu'a. Sai ta ciro na biyu daga jaka, ba ta kalli Abbu ba, ta ɗaura wa Sarmad. Abbu ya ce shi ba kallo ya zo ba, rakiya ya yi. Haseeb ne ya tuƙo su, shi ya sa suka kusa makara.

Wayar Rubab ta yi ƙara kafin a ɗaga tuta.

"Chaunsa, in na dawo ki tsaya ta sajja."

"Ka dawo tukuna. Ku biyu."

Jar jif ta yi kururuwa ta shige cikin yashi, ta zama ɗigo, ta ɓace. Daga nan sai jira. Lasifika na ta kawo labari daga tashoshin hanya. Sarmad Laghari ya wuce ta farko. Ya wuce ta tsakiya, ya ba kowa rata. Ya wuce ta ƙarshe, ba mai kamo shi sai ikon Allah. Jama'a suka ɗauki ihu, masu ganga suka matso bakin layi. Rubab ba ta yi ihu ba. Ta san tudun nan mai rami yana tsakanin tashar ƙarshe da inda take tsaye.

Ƙura ta taso daga nesa, kowa ya miƙe. Farar mota ce. Wadda ta tashi bayansu.

Wata ta sake zuwa, shuɗiya. Sai wata. Masu ganga suka sauke sandunansu. Lasifika ta koma zancen wasu, ba ta ƙara ambatar sunansa ba. Can Rubab ta ga motar asibiti ta fita da gudu ta nufi cikin hamada. Ammi ta fara salati da ƙarfi. Abbu, mutumin da ba ya zama sai an shimfiɗa masa darduma, ya zube a kan yashi da fararen kayansa, leɓunansa na motsi.

Ita ce ta tilasta masa ya faɗa. Ita ce ta sa aka samo kalmomin da suka ba su ƙwarin gwiwar shiga. Tunanin da ya yi ta sukarta ke nan. Haseeb ya miƙo mata ruwa, ya ce a hankali, "Za su dawo, in sha Allahu," kuma har ransa ya faɗa.

Wani yaro a kan rufin babbar mota ne ya fara nunawa. Ba ƙura, ba ruri. Jar jif ce tafe a hankali, tana lallaɓa kowane tudu kamar mai ɗauke da ƙwai. Wani a cikin taro ya ce, "Wannan ai ko mai kai amarya ya fi shi sauri." Ta tsallake layi, ta tsaya. Ƙofofi biyu suka buɗe, mutum biyu suka fito da ƙafafunsu.

Rubab ba ta san sanda ta durƙusa ba.

Faraz ya cire hula ya buga ta da ƙasa. "Saura ƙiris mu ci, Abbu! Wallahi kofin na hannunmu! Muka dira daga wani tudu, wayar na'urar ta tsinke. Na yi ta ihu, ina ta kunnen da ba ya ji. Na ce masa zan nuna da hannu, ya taka kawai, ɗan abin da ya rage! Sai mutumin nan ya ɗauke ƙafa daga totur. Ina ji ina gani motoci na wuce mu!"

Sarmad ya jingina da mota, fuskarsa duk yashi, idonsa ja. Ya san abin da ya bari a hanyar nan: kofin, da ƙungiyar waje, da shekarun da ya yi yana bin su.

"Ido ɗaya a hannunka, ɗaya a hanya, ga ramin nan a gaba?" ya ce. "Da na daina jin muryarka sai na ji ba inda nake sauri zuwa."

Abbu ya tashi daga kan yashi. Ya rungume ɗansa ya daɗe bai sake shi ba. Sannan ya nufi Sarmad, ya zo ta hagu, ya tsaya, ya tuna, ya zagaya ta gaban motar ya dawo ta dama. Ya dafa kafaɗarsa.

"Puttar," ya ce, yau ya kira shi ɗa. "Na ji amsarka."

Sarmad ya dube shi a rikice. "Amsar me, Sa'in?"

Rubab ta fashe da dariya da kuka a haɗe, Ammi ta taya ta. Abbu ya share ido da gefen rawaninsa ya ce, "Ka turo mahaifiyarka. Ta zo da halwar nan, wancan karon ban ji daɗinta ba."

Kada wani ya ce muku tsoron ya tafi. Sarmad bai bar tsere ba, likitar Multan ta sa masa abin ji, shi da Faraz suka koma da waya biyu a kowace hula, suna sajja da khabba har wasu suka fara kwaikwayonsu. Duk sanda aka ɗaga tuta sai Rubab ta shiga addu'a. Sai dai yanzu ta san abin da ƙafar Sarmad take yi in zaɓi ya zo, kuma da wannan take iya tsayuwa a bakin layi.

Da mangwaro ya sake nuna aka ɗaura aure, a gonar Abbu, ƙarƙashin bishiyoyin chaunsa. Liman ya tambayi ango ko ya karɓa, ango ya amsa tun kafin a rufe baki, har aka yi dariya. Haseeb ne ya tuƙo motar amarya, ba wanda ya yi ƙorafin tafiyarsa.

Da aka fito da Rubab cikin jan kaya za a zaunar da ita, Phuppo ta kama hannunta ta nufi hagun ango, yadda ake yi a gidanmu tun kakanni. Rubab ta toge.

"Ke, wace irin amarya ce wannan? Nan ne wurinki!"

Daga cikin maza muryar Abbu ta taso, da yaren da ya hana a gidansa, gaban duk baƙinsa na Lahore.

"Sajja! Ku zaunar min da ita sajja."

Aka zaunar da ita ta dama. Ana ta kiɗa, ana ta watsa furanni, ta karkato kaɗan a ƙarƙashin mayafi, ta kai bakinta kusa da kunnensa.

"Akwai maganar da na taɓa faɗa maka a gareji, ba ka amsa ba."

"Ni? Wace magana, Chaunsa?"

Ta maimaita masa, a hankali, kalma bayan kalma. Ya rufe ido. Da ya buɗe sun cika da ruwa.

"Na ji," ya ce. "Har farkonta na ji."

Ammi ta ɗora hannu a kansu su biyu. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka, ya sa kowace fita ta ƙare da dawowa gida. Muka ce amin, Abbu ya fi kowa ɗaga murya.